Ƙamshi a Akwatin Khairunnisa

Makaranta, hanyar Sandamu
Lahadi

Zuwa ga Goggona Maiturare,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ina fata kin rage tsayuwar nan ta wuni guda a kan tukunyar turare. Ya kasuwa, ya mutanen Mashi? Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta bi ɗakinmu kaf. Dambun naman da kika ba Ɗantsoho direba ya iso, kuma ya ƙare, kar ki tambaye ni yadda aka yi.

Goggo, akwai magana, don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki fara salati.

Kin tuna ɗan kaskon da kika cusa mini a ƙasan akwati ranar da zan dawo, kina cewa 'yar gidanki ba za ta zauna tana warin danshi ba? Na gaya miki an hana kasko a nan, kamar yadda aka hana lalle da kayan gida, kika ce in dai yi hankali. To duk Asabar bayan la'asar, in kowa ya tafi filin wasa, nakan ɗebo garwashi ɗaya a kicin in shiga ɗakin akwatuna in turara hijabaina a lungu, bayan tsofaffin katifu.

Jiya ina tsugune a wurin sai na ji an turo ƙofa. Na yi lamo, na ɗauka Inno ce, metiron ɗinmu. Ashe wata 'yar ajinmu ce. Kai tsaye ta nufi akwatin Khairunnisa, 'yar mai shagon atamfa a Daura, ta sa wani ɗan ƙarfe ta buɗe kwaɗon kamar nata. Ta ɗauki gwangwanin madara, da sabulu, da ƙullin audugar mata. Ta bar akwatin a buɗe tana ta gyara kayan don kar a gane, hayaƙin kaskona kuwa yana ta shiga. Sannan ta rufe ta fita.

Bayan magariba Khairunnisa ta buɗe akwati ta kurma ihu. Aka taru. Tana cikin lissafa abin da babu sai ta ɗaga zanenta ta shinshina, ta ce, "Wannan ƙamshin ai na san shi." Goggo, duk makarantar nan ba mai wannan haɗin naki na kajiji da farce sai ni. Ɗakin gaba ɗaya ni ya juyo yana kallo.

Yanzu ga inda nake. In na ce na ga mai yi, za a ce me nake yi a ɗakin akwatuna, kasko ya fito, a tuɓe ni daga kyaftin ɗin ɗaki a ba ni tsintsiya. In na yi shiru, ni ce ɓarauniya a idon kowa. Tun jiya masu kwana kusa da ni suke tura sabulunsu ƙarƙashin matashi. Ki gaya mini abin yi.

'Yarki,
Raihana

Mashi
Laraba

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, kasuwa sai godiya, mutanen Nijar sun shigo sun kwashe rabin abin da na haɗa. Murar ki sha citta, na sa miki a ƙullin nan.

Na karanta takardarki sau biyu, na ajiye, na sake ɗauka. Akwai abin da bai zauna mini ba. Kin faɗi ranar, kin faɗi lungun, har abin da aka buɗe kwaɗo da shi kin faɗa, amma yarinyar ba ta da suna? "Wata 'yar ajinmu." Tun kina rarrafe nake riƙonki, na san ki, ko akuyar maƙwabta ce ta ci mana dusa sai kin faɗi ta gidan wa ce.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sakewa. Madara, sabulu, auduga. Su ne fa abubuwan da kika ce in ƙaro miki ranar tafiya na ce ki yi haƙuri sai kasuwa ta buɗe, kika shiga mota kina kumbura baki. Ban ce ke ce ba. Tambaya nake, kuma ina da ikon yi.

Kin san dalilin da bakina ba ya iya kiran sunanki. Sunan mahaifiyata ne a kanki. Matar nan ta yi shekaru tana saida turare a bayan Kusugu, mata suna barin gwala-gwalansu a ɗakinta su tafi biki, ko ɗan kunne ɗaya bai taɓa yin ƙafa ba. Ba zan ji an haɗa sunan nan da akwatin wata in yi barci ba.

Ki rubuto mini sunan yarinyar da garinsu. Sauran aikin nawa ne. Maganar kasko kuma ki bar ta tukuna, wa ya taɓa mutuwa don an ba shi tsintsiya?

Goggonki

Makaranta
Asabar

Goggo,

Ina gaishe ki, na gode da cittar. Murar ta tafi, amma takardarki ta sa ni kuka a bayan aji, ba zan ɓoye miki ba. Haba Goggo! Ni? Na kumbura baki, gaskiya ne, amma kumburin baki daban, hannu daban.

Sunan ba zan rubuta ba. Takardun nan a hannun maigadi suke kwana kafin Ɗantsoho ya biyo, kuma ta ƙarshe da ta zo bakin ambulan ɗin kamar an ɗaga an mayar. Ban da haka ma na san ki. In kika ji sunan, gobe da safe kina bakin ƙofar makaranta da mayafi a kafaɗa, kafin azahar duk Sandamu an ji. Mu kira ta Wance.

Na tare ta ranar Alhamis a wajen famfo, mu biyu kaɗai. Na ce, "Na gan ki." Na zaci za ta ruɗe. Ko hannunta ba ta cire daga bokiti ba ta ce, "Ni ma na gan ki. Ƙafarki ta leƙo ta bayan katifa, ga hayaƙi kamar ɗakin amarya. Ki faɗi nawa in faɗi naki."

Na ce mata nawa da nata ai ba ɗaya ba ne. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke duk sati mota na tsayawa dominki. Ni tun da aka dawo wa ya leƙo ni? Kin san da me nake tsare kaina in wata ya zo? Tsohon ɗankwalina na yayyaga, kuma ina jin kunyar shanya shi a igiya." Na ce to madarar fa? Ta ce, "Madarar kwaɗayi ne." Haka ta faɗa, ba ta ko yi ƙoƙarin gyarawa ba.

 Ina jin haushinta har wuya, amma da ni ce a halin da take ciki ban san abin da hannuna zai yi ba. Ni ma ai ba wankakkiya ba ce a maganar nan.

Ga wata sabuwa kuma. Yau na je lungun nan in ɗauko kaskon in jefa a masai kowa ya huta, na tarar babu shi. Na ɗaga katifun ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta san wurin sai ita. Ta ɗauke ne ta riƙe, in na buɗe baki ta dire shi gaban Inno. Ɗazu a ɗakin cin abinci muka haɗa ido ta sunkuyar da kai tana cin tuwonta.

Khairunnisa kuma ta ce in ba a fito da kayanta ba za ta aika gida babanta ya sa a ja Yasin a kan ɓarauniya. Da ta faɗa ni take kallo. Ni ba na tsoro don kaina, Wance nake jiye wa.

Raihana

Mashi
Talata

Ke Raihana,

Lafiya muke. Ba doguwar gaisuwa zan yi ba.

Shekaranjiya na kai turare gidan suna a Daura. Ina tsugune ina zuba wa mata a kasko, sai na ji wata daga bayana tana ba da labari, wai a makarantar 'yar ƙanwarta an kama ɓarauniya ta hanyar ƙamshi, wai 'yar wata mai turare ce a Mashi. Aka yi dariya. Ba ta san ni ba ce, ko kuwa ta sani sarai, Allah ne masani. Na tattara kwalabena na fito, ko abincin sunan ban ci ba.

Na dawo na tarar da takardarki. Na ce to, ga sunan ya zo. Sai na ga Wance. Wance! Yarinya ba suna, ba gari, ba mai ziyara, ba wanda ya gan ta sai ke. Kaskon ma da zai nuna abin da ya kai ki ɗakin, shi ma ya ɓace a daidai lokacin da ake nemansa. Ni fa a kasuwa na tsufa, na saba jin labarin da aka gyara wa gefe.

Sannan da hannunki kika rubuta cewa ke ma ba wankakkiya ba ce, kuma ba ki san abin da hannunki zai yi ba. Me kike son gaya mini a nan? In faɗa kike son yi kika kasa, to faɗi gaba ɗaya. Zan sayi madarar da sabulun in kai gidan Alhajin, baban Khairunnisa, da ƙafata, in durƙusa, mu rufe maganar. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne ki ƙirƙiro 'yar mutane ki ɗora mata.

Yasin kuma ba abin wasa ba ne, kin sani. In akwai abu a hannunki ki fitar da shi kafin a kai ga haka.

Ko suna, ko gaskiya. In ba ɗaya a takarda ta gaba, zan zo in kwashe akwatinki, karatun ya tsaya haka.

Maiturare

Makaranta
Alhamis da safe

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fata ƙafar ba ta tashi ba da wannan zirga-zirga.

Na ga yadda kika buɗe takardar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ko ranar da na fasa miki kwalbar miski Uwata kika ce kafin ki ɗauko bulala. Na daɗe ina kallon kalmar nan. Ba komai.

Da na ce ni ba wankakkiya ba ce, kaskon nake nufi, ba wani abu ba. Kuma tunda shi ne igiyar da aka ɗaure ni da ita, jiya na je na tsinke ta da kaina. Na sami Inno a ɗakinta tana tsince wake, na durƙusa na gaya mata komai: garwashin, lungun, hijaban, da abin da na gani. Sunan kawai na riƙe.

Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Ina kaskon?"

Na ce an ɗauke.

Ta ce, "Wa ya ɗauke?"

Na ce wadda ta buɗe akwatin.

Ta ce, "Wace ce?"

Na ƙi faɗa. Sai ta ture farantin waken ta ce, "'Yar nan, na daɗe a aikin nan. Na sha ganin yarinya ta kawo ƙaramin laifi da hannu biyu don a manta da babban. Ba kasko, ba suna, sai ƙamshinki a cikin kayan mutane. In ke ce ni, me za ki ce?"

Kin ga, ku biyu bakinku ɗaya, kamar kun yi shawara.

Ta sa an zazzage akwatina da katifata a gaban 'yan ɗaki. Ba a sami komai ba, sai wata ta ce ai mai wayo ba ta ajiya a gida. Inno ta ce gobe Juma'a a asambili, ko in faɗi suna, ko a kira nawa sunan a gaban makaranta a ba ni takardar tafiya gida. Daga azahar ɗin yau kuma a ɗakinta zan zauna har goben, ba fita, ba magana da kowa, don kar in haɗa baki da wata.

Kafin in shiga aji na sami Wance tana shara. Na ce mata, "Kaskon ya tashi daga aiki, na riga na faɗa da bakina. Ki riƙe ko ki fasa." Ta ce, "To ai sai ki faɗi sunana ki huta." Na ce, "Ban faɗa ba." Ta ce, "Me kike jira?" Na ce ni ma ban sani ba. Ta bi ni da kallo kamar tana neman inda tarkon yake.

Gaskiyar ita ce, Goggo, in na faɗa, ba madara za a riƙa tuna mata ba. Audugar za a riƙa tuna mata har ta bar makarantar nan, kuma na san bakin 'yan ajinmu. In ban faɗa ba kuma, ga ke. Ban san abin da zai fito daga bakina gobe ba. Ki yi mini addu'a ko da ba ki yarda da ni ba.

Raihana

Makaranta
Laraba

Goggo,

Ina gaishe ki. Kullum sai na leƙa wajen maigadi, ya ce ba saƙo. Shirun naki na ji shi, kuma na fahimta. Duk da haka zan gaya miki yadda aka ƙare, don kar ki ji a gidan suna.

Na kwana a ɗakin Inno, a kan tabarma, ita tana bakin ƙofa. Da safe muna shirin fita asambili, sai ga Khairunnisa a guje ko takalmi babu, tana cewa Inno ta zo ta gani. Muka je ɗakin akwatuna. A kan akwatinta ga kaskona a zaune, an wanke shi fes. Gefensa ga sabulun ba a ko ɓare ba, ga gwangwanin madarar saura rabi. Audugar dai ba ta dawo ba.

Inno ta dubi kayan, ta dube ni. Ta san tun azahar ɗin Alhamis ko fitsari sai da rakiyarta na je, kuma da yamma ita da kanta ta zagaya ɗakin ba komai a wurin. Ta ɗauki kaskon ta juya shi ta ce, "To. Ashe akwai kaskon, kuma akwai hannun."

A asambili an kira sunana, amma a kan wuta a ɗakin akwatuna. An karɓe kyaftin, an ba ni sharar bayan kicin har ƙarshen wata. Shugabar makaranta ta ce maganar sata ta mutu tunda kaya sun dawo, kuma duk wadda ta sake ambaton Yasin a kan gwangwanin madara za ta gamu da ita. Daga baya Inno ta sake tambayata sunan, a hankali wannan karon. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Taurin kai dai kamar na mai kaskon," ta kore ni.

Kar ki ɗauka an wanke ni duka. Khairunnisa ba ta ce mini yi haƙuri ba, gaisuwa kawai ta dawo da ita. Akwai masu cewa mu biyu ne, ɗaya na ɗauka ɗaya na gadi. Mai kwana kusa da ni har yau sabulunta yana ƙarƙashin matashi.

Ni da Wance ba mu yi magana ba tun ranar. Amma duk safiya in na isa bayan kicin da tsintsiyata, sai in tarar an share rabin wurin, daga bakin murhu zuwa gindin darbejiya, an tara sharar gefe guda. Ban taɓa ganin mai yi ba, kuma na daina sammako don kar in gani.

In har yanzu kina nan a kan zuwa ɗaukar akwatina, yana nan a ɗaure. Sunan dai ba zan ba ki ba.

Raihana

Mashi
Asabar

Uwata,

Uwata ta kaina. Ina gaishe ki, ina gaida hannun da ke riƙe da tsintsiya.

Ba shiru na yi miki ba. Motar Ɗantsoho ce ta lalace a hanya ta yi kwanaki a gareji, takardarki ta farko tana cikin aljihun ƙofa, sai jiya ya kawo ta tare da ta biyun yana sosa ƙeya. Allah ya so shi ina da tukunya a wuta. Na karanta ta farko a tsaye, na kai inda kika ce in yi miki addu'a ko ban yarda da ke ba, sai na zauna a ƙasa. Turaren ya ƙone, ban ma ji ba sai da maƙwabciya ta leƙo.

Na zalunce ki. Ni na sa kaskon a akwatinki kina cewa an hana, sannan da ya jawo miki magana na bi sahun masu nuna ki da baki. Matar gidan suna ta faɗi nata ba ta san ki ba, ni kuwa na san ki. Ki yafe mini. Ban iya irin wannan maganar ba, kin dai ji ta sau ɗaya.

Ki kwance akwatinki ki mayar da kaya. Sharar ki yi ta da kyau, laifin namu ne mu biyu, ke ce dai kusa da tsintsiyar. Ki gaida Inno, ki ce ta riƙe kaskon, ranar ziyara zan kawo mata abin zubawa, in ya so ta yi mini nawa faɗan ido da ido.

Sunan da nake ta tambaya kuwa, riƙe abinki. Kar ki gaya mini ko na sake tambaya, don na san halina, zan sake.

Ɗantsoho zai ba ki ƙulli biyu. Mai jan zare naki ne. Ɗayan akwai auduga da sabulu, madara kuwa ban sa ba, wannan ta ce da bakinta kwaɗayi ne. Kar ki miƙa mata hannu da hannu, ba za ta karɓa ba, ko ni ce ba zan karɓa ba. Ki sa mata a akwati lokacin da kowa ya tafi filin wasa, kin fi kowa sanin lokacin.

Sai dai ki ari hijabin wata kafin ki shiga. Wannan karon kar ki bar ƙamshi.

Goggonki,
Maiturare